Guzurin tsuntsun da ke kiwo a ƙarƙashin teku

Da sanyin safiyar wata Asabar, cikin hunturun da ya wuce, na tsaya a bakin madatsar ruwa ta Kubanni da ke Samaru ina kallon wani baƙin tsuntsu mai doguwar wutsiya, wanda littattafan tsuntsaye ke kira komoran. Hazo ya rufe ɗaya gaɓar, ni na duƙunƙune cikin rigar sanyi da hula har kunne, shi kuwa yana cikin ruwan tsundum, jikinsa duk ya nutse, wuya da kai kaɗai ake hange. Can sai ya sunkuyar da kai ya ɓace. Na fara ƙirge a zuci, kafin in kai 30 sai ga shi ya ɓullo a wani wuri daban, ya ɗan huta, ya sake komawa. Ya yi ta maimaita haka, kuma babu nutso ɗaya da ya kai minti guda. Daga bisani ya fito ya hau wani kututture, ya ware fukafukansa biyu kamar mai shanya riga, ya tsaya cak yana fuskantar rana.

Akwai wani dattijo masunci a kusa da ni yana gyaran komarsa. Bayan mun gaisa na ce masa, "Baba, me ya sa wannan tsuntsu yake shanya fukafukai, alhali ban taɓa ganin agwagwa ta yi haka ba?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, ai shi ruwa yana kama shi. Agwagwa a bisa ruwa take yawonta, shi kuwa ƙasa yake bi, dole ya jiƙe." Na daɗe ina karantar da ilimin halittu a makarantar sakandare, amma sai da na koma gida na yi makonni ina bin rubuce-rubucen masana sannan na gane cewa amsar dattijon nan ta riƙe bakin zaren maganar gaba ɗaya.

Babu teku a Zariya, kuma da yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba sai a talabijin ko a wayar hannu. Duk da haka, matsalar da komoran ɗin Kubanni ke fama da ita ita ce ta 'yan uwansa da ke zaune a tekunan Kanada da Alaska da Antaktika, sai dai tasu ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Tsuntsu halitta ce mai shaƙar iska, zafin jikinsa yana kusa da digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, amma abincin waɗannan yana wurin da babu iskar shaƙa, ga sanyi mai zuƙe ɗumin jiki, ga nauyin ruwa da ke ƙaruwa gwargwadon zurfi. Kowane nutso ciniki ne. Tsuntsun yana kashe kuzarin da ya tara domin ya kamo kifin da zai mayar masa da abin da ya kashe har da riba, kamar yadda Hausawa suka ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. In cinikin ya yi ta faɗuwa na 'yan kwanaki, to tsuntsun ya mutu.

Gwanin gwanaye a wannan fage shi ne babban fengwin na Antaktika, tsuntsun teku da ba ya tashi sama, wanda Turawa suka laƙaba wa sarautar sarkin sarakuna, ni kuma zan riƙa ce masa sarkin fengwin. An auna nutsonsa har zurfin mita 564, wato fiye da gaba 300 in da rijiya ce, an kuma samu wanda ya yi minti 32 a ƙarƙashin ruwa da numfashi ɗaya. Shi dai babba ne, nauyinsa yakan haura kilo 30. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gilimot mai kaurin baki na tekunan arewa, wanda nauyinsa kilo 1 ne kacal, kwatankwacin kazar gida, amma an same shi a zurfin mita 210, kuma in ya fito yana iya tashi sama ya koma sheƙarsa a jikin dutse. Sai dai irin waɗannan alƙaluma na bajinta suna iya ruɗar mutum. Yawancin nutson sarkin fengwin ba ya wuce minti 5 ko 6, kuma dalilin da ya sa yake tsayawa a nan alhali yana iya ninka shi sau biyar shi ne ainihin abin da ya cancanci a bincika.

Da farko dai akwai guzuri. Mutum in zai yi nutso, kamar masu nuna bajinta a bikin kamun kifi na Argungu, yana cika huhunsa da iska ne, kuma kaso mai yawa na oksijin ɗin da zai yi amfani da shi a nan yake. Tsuntsun teku ya rarraba nasa guzurin wuri uku. Akwai wanda ke cikin huhu da jakunkunan iska da ke haɗe da shi, waɗanda kowane tsuntsu ke da su har da kaza. Akwai wanda ke cikin jini, maƙale da sinadarin himogulobin, kuma masu nutso suna da yawan jini gwargwadon girman jikinsu. Na uku, wanda ya fi bambanta su da sauran tsuntsaye, yana cikin tsokar kanta. Duk wanda ya taɓa fiɗar kaza da tantabara ya san ƙirjin kaza fari ne, na tantabara kuwa ja ne mai duhu. Abin da ke kawo jan shi ne mayogulobin, wani sinadari da ke kama oksijin ya ajiye shi a cikin tsoka. A ƙirjin sarkin fengwin an auna giram 6.4 na mayogulobin a cikin kowane giram 100 na tsoka, yayin da na ɗan Adam bai kai giram 1 ba, shi ya sa naman fengwin yake da duhu har ya kusa zama baƙi. In an haɗa rumbunan uku, oksijin da yake ɗauke da shi a kowane kilo na jikinsa ya kai kusan ninki uku na mutum.

Ninki uku kuwa ba zai kai kowa minti 32 ba, balle mai iyo yana farautar kifi. Ke nan sirrin ba a yawan guzurin kaɗai yake ba, yana ga yadda ake tattalinsa.

Tarihin yadda aka gano wannan tattali yana da ɗan darasi ga masu bincike. A shekarar 1940 wani masani mai suna Per Scholander ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi a Nowe, inda yake ɗaure agwagi da wasu dabbobin ruwa ya tura kawunansu cikin ruwa yana auna abin da ke faruwa. Ya ga bugun zuciya yana faɗuwa ƙasa warwas, jijiyoyin da ke kai jini ga tsoka da hanji da ƙoda suna tsukewa, jinin kuma ya koma yana zagaya tsakanin zuciya da ƙwaƙwalwa kusan su kaɗai. Shekaru da dama aka ɗauka haka kowane nutso yake. Sai a 1979 Patrick Butler da Anthony Woakes na Jami'ar Bamingam suka sanya wa wasu agwagin ruwa 'yar na'urar da ke aiko da bugun zuciya ta rediyo, suka sake su suna nutso don ra'ayin kansu, sai aka ga zuciyar ba ta yin irin waccan faɗuwa. Ashe agwagwar da aka danne ba ta san yaushe za a sake ta ba, don haka take rufe kowace ƙofa ta kashe kuɗi, wadda kuwa ta shiga ruwa da kanta ta san tsawon tafiyarta, sai ta kashe daidai da buƙata. Scholander bai yi kuskure ba, abin da ya gani shi ne makamin da tsuntsu ke ajiyewa don ranar tsanani.

Sarkin fengwin yana amfani da duka hanyoyin biyu, kuma an ga haka ƙarara a mashigin Makmado na Antaktika. A can Gerald Kooyman da Paul Ponganis na cibiyar nazarin teku ta Scripps da ke Amurka suka yi wata dabara: suka huda rami a tsakiyar ƙanƙarar da ta rufe teku, nesa da kowace kafa, suka kewaye wurin suka ajiye 'yan fengwin. Tsuntsayen suna shiga ta ramin su yi kiwo yadda suka ga dama, amma tilas su dawo ta nan domin babu wata mafita, don haka ana iya ɗaura musu na'ura a kuma karɓe ta. A binciken da Jessica Meir ta jagoranta, wanda ya fito a 2008, zuciyar sarkin fengwin tana bugawa sau 73 a minti in yana hutawa. A gajeren nutso takan kai 85, wato ta ma ɗan ƙaru. A dogon nutso kuwa matsakaicin bugun ya sauka zuwa 41, har aka samu wani da ya yi minti 18 a ruwa, wanda a minti 5 na ƙarshe zuciyarsa sau 6 kawai take bugawa a minti. Mai karatu ya ɗora yatsa a wuyan hannunsa ya ƙirga daƙiƙa 10 tsakanin bugu da bugu, zai ji tsawon abin. Da tsuntsun ya fito kuma sai zuciyar ta zabura, an auna har bugu 256 a minti, domin a yi maza a sake cika rumbunan da suka kwashe. Ita wannan Jessica Meir daga baya ta zama 'yar sama-jannati, tana cikin mata biyun da suka fita wajen tashar sararin samaniya tare a 2019, kuma ina ganin wadda ta yi shekaru tana lissafin oksijin a jikin fengwin ba za ta raina tankin da ke bayanta ba.

Lokacin da aka rage wa tsokar ƙirji jini, ba ta daina aiki, tana ci gaba da kaɗa fukafukai da oksijin ɗin da ke cikin mayogulobin ɗinta. Wannan rabon gado yana da hikima, domin tsoka tana cin nata, ƙwaƙwalwa kuma wadda ba ta da rumbu tana cin na jini. In na tsoka ya ƙare, tana iya ci gaba da aiki ba tare da oksijin ba, amma da bashi, domin wani sinadari mai suna laktet yana taruwa a cikinta, irin wanda ke cika jinin mai tseren gudu. An auna iyakar da bashin ke farawa a jikin sarkin fengwin, aka samu minti 5.6. Duk nutson da bai kai haka ba, tsuntsun yana fitowa ya yi 'yan numfashi ya koma. Wanda ya wuce haka kuwa sai an biya. An taɓa samun wani da ya yi minti 27.6, wanda da ya fito sai ya kwanta rub da ciki a kan ƙanƙara kusan minti 6 kafin ya iya miƙewa, ya ƙara minti 20 kafin ya fara takawa, kuma bai sake shiga ruwa ba sai bayan fiye da awa 8. Awa 8 ba tare da kiwo ba babbar asara ce ga mai ɗa yana jiran abinci. Shi ya sa tsuntsun da ke son ya daɗe a ƙarƙashin ruwa a jimillar yini yake gwammace gajerun nutso masu yawa, ya bar dogon sai ya ci karo da garken kifin da ya cancanci cin bashi, ko kuma ya rasa kafar fita a ƙarƙashin ƙanƙara.

Abu na biyu da ke cin kuzari shi ne wanda dattijon Kubanni ya taɓo. Masuntan Argungu suna kwanciya a kan gora su yi yawo a bisa kogi saboda iskar da ke cikin goran ba ta yarda ya nutse. Tsuntsu ma gora ne, domin akwai iska a huhunsa da jakunkunansa, akwai kuma wadda ke maƙale a tsakanin gashinsa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin danna jarka marar komai cikin randa ya san irin ƙarfin da hakan ke buƙata. To amma iska tana matsuwa. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu, saboda haka a mita 10 iskar jikin tsuntsu ta koma rabin girmanta, a mita 30 ta koma rubu'i. Ma'ana, mitocin farko su ne masu tsada, a nan tsuntsu ke kaɗa fukafukai da ƙarfi da sauri, yana ƙara zurfi aikin yana sauƙi. Wajen dawowa kuwa lamarin ya juya, iskar tana kumbura tana ɗago shi. Katsufumi Sato na Japan da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa fengwin yana daina kaɗa fukafukai tun bai iso sama ba, ya bar ruwan ya kawo shi, kamar ɗan acaɓan da ke kashe inji in ya samu gangare. Sun kuma nuna cewa yawan iskar da yake shaƙa kafin ya shiga ya danganta da zurfin da zai je: in ba nisa zai yi ba ya shaƙi kaɗan don kada ya wahalar da kansa, in zurfi ne ya cika. Wato tun yana sama ya riga ya yanke shawarar inda za shi.

Komoran ya bi wata hanya daban. Yawancin kiwonsa a ruwa marar zurfi ne, daidai inda iska ta fi tura tsuntsu sama, don haka gashinsa na waje yake barin ruwa ya shiga ya kori iskar, sai wani siririn shimfiɗi kusa da fata ya rage a bushe. Ya samu sauƙin nutsewa, shi ya sa jikinsa ke lumewa in yana iyo, amma ya sayar da bargonsa. Ruwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, kuma tsuntsun da ya jiƙe ba zai iya yini a ciki ba. Tilas ya yi kiwonsa cikin hanzari ya fito, kuma fitowar da shanya fukafukan da na gani wani ɓangare ne na kuɗin da yake biya. Abin mamaki, akwai manyan komoran da ke yin hunturu a Girinlan, suna nutso cikin ruwan da ya kusa daskarewa a watannin da rana ba ta fitowa sosai, kuma abin da ke fid da su shi ne ƙwarewar kama kifi mai yawa cikin ɗan lokaci.

Fengwin bai yarda ya jiƙe ba. Gashinsa gajere ne mai cunkoso, a ƙarƙashinsa akwai iska, a ƙarƙashin fata kuma akwai kitse, sannan ƙasusuwansa cike suke, ba su da rami irin na tsuntsaye masu tashi, wanda hakan ke rage masa tasowa. Ruwan da sarkin fengwin ke shiga yana kan digiri 1.9 ƙasa da sifiri, gishiri ne kawai ya hana shi daskarewa. Kuma matsin da ke rage masa wahalar nutso shi ne dai ke matse bargon iskar da ke gashinsa, ta yadda a can ƙasa kusan kitse kaɗai ke tsare shi. A fukafukai da ƙafafu, jijiyoyin da ke fita da jini mai ɗumi suna manne da masu dawo da mai sanyi, sai zafin ya tsallaka ya koma ciki tun kafin ya kai ƙarshen gaɓa. A 1997 wasu masana da ke aiki a tsibiran Kuroze da ke kudancin tekun Indiya sun ba da rahoton cewa zafin cikin fengwin ɗin da ke bi wa sarki a girma yana sauka har zuwa digiri 11 a lokacin kiwo, suka kuma kawo ra'ayin cewa sanyaya jiki wata hanya ce ta rage cin oksijin, tunda nama mai sanyi ba ya ƙona makamashi da sauri. Da aka auna sarkin fengwin daga baya sai aka ga tsakiyar jikinsa tana riƙe ɗuminta, gefe-gefe ne ke yin sanyi. A nawa ganin, maganar da ta fi ƙarfi ita ce tsuntsun yana zaɓen inda zai ɗumama da inda zai bari ya huce, kamar mai gidan da ya kunna ƙaramin janareta ya ba ɗaki ɗaya wuta ya bar sauran a duhu.

Yanzu sai maganar da ta fi ɗaukar hankalina, wato rikicin da ke tsakanin tashi sama da nutso. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800. Fiffiken da ya dace da iska dogo ne mai faɗi marar nauyi, wanda ya dace da ruwa kuwa gajere ne mai tauri kamar filafilin kwale-kwale. Gilimot yana amfani da fiffike ɗaya a wuraren biyu, kuma a 2013 Kyle Elliott da abokan aikinsa suka wallafa kuɗin da hakan ke ci. Sun yi aikin ne a tsibirin Coats da ke mashigin Hudson na Kanada, ta hanyar yi wa tsuntsu allurar wani ruwa da aka yi wa alama a ƙwayoyin oksijin da na haidurojin ɗinsa. Haidurojin yana fita daga jiki a cikin ruwa ne kawai, oksijin kuwa yana fita a cikin ruwa da kuma cikin iskar da ake fitarwa wajen numfashi, don haka in an sake kama tsuntsun aka ɗebi jininsa, bambancin da ke tsakanin raguwar alamomin biyu yana nuna yawan abincin da ya ƙona. Da suka haɗa wannan da na'urar da ke nuna lokacin da ya yi a sama da wanda ya yi a ruwa, sai suka samu cewa gilimot in yana tashi yana ƙona makamashi ninki 31 na abin da yake ƙonawa in yana hutawa, kuma ba a taɓa auna tashi mai tsadar wannan ba a jikin wani tsuntsu. Albatros, wani babban tsuntsun teku da ke shimfiɗa dogayen fukafukansa iska ta yi ta yawo da shi, bugun zuciyarsa a sama bai cika wuce na lokacin da yake zaune ba. A cikin ruwa kuwa gilimot ya fi komoran arha, tunda komoran da ƙafa yake tuƙi, amma bai kai fengwin ba.

Taura biyu ba ta taunuwa. Gilimot yana tsaye ne a bakin iyaka, in fiffikensa ya ƙara gajarta ko jikinsa ya ƙara nauyi, tashi ya gagara. Akwai abin lura a nan: mafi girman tsuntsayen da ke tashi kuma suke nutso da fiffike nauyinsu kilo 1 ne ko kusa da haka, mafi ƙanƙantar fengwin kuma, wanda ke zaune a Ostareliya da Niyuzilan, shi ma wajen kilo 1 ne. Kamar dai a wannan nauyi hanya ta rabu biyu. Kakannin fengwin sun bar sama gaba ɗaya, suka samu damar girma da tara kitse da zurfafa nutso. A tekun arewa ma wani ɗan uwan gilimot, babban auk, ya bi wannan hanya, amma rashin tashi ya sa ya zama abin kamu a hannun matuƙan jiragen ruwa masu neman nama da gashi, har aka kashe biyun ƙarshe da aka tabbatar a tsibirin Eldey na Aisilan a 1844.

Tsadar tashi tana bayyana har a renon 'ya'ya. Gilimot ƙwai ɗaya yake yi a kan tsagin dutse, kuma kifi ɗaya yake iya kawowa a baki a kowace tafiya, ko da wurin kiwon yana da nisan kilomita da yawa. Iyayen ba za su iya jure wannan jigila har ɗan ya girma ba, don haka yana da kimanin mako 3, bai wuce rubu'in nauyin babba ba, fukafukansa ba su gama fitowa ba, sai ya diro daga kan dutsen zuwa teku, uban yana biye da shi. A kan ruwa uban zai ci gaba da ciyar da shi na makonni, a inda ba sai an tashi ba.

Ganet kuwa, wani babban tsuntsun teku, ya mai da tashin ne jarinsa. Yana hawa sama kamar mita 30, ya naɗe fukafukai ya faɗo kamar mashi da gudun da ke kusantar kilomita 100 a awa, saurin faɗowar ya kutsa da shi ta cikin mitocin nan na farko masu tsada. Ba shi da ƙofofin hanci a waje, kuma akwai jakunkunan iska a ƙarƙashin fatar wuyansa da ƙirjinsa da ke rage zafin karo. Ƙaramin misalinsa yana nan a Kubanni da bakin Galma, wato tsuntsun nan mai zanen fari da baƙi da ke tsayawa cak a iska yana karkaɗa fukafukai kafin ya faɗa ruwa ya fito da ɗan kifi.

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan sharaɗi biyu, cewa gashi zai riƙe iska, kuma kifi zai kasance inda aka saba samunsa. Man fetur yana karya na farko. A watan Yuni na 2000 jirgin dakon kaya mai suna Treasure ya nutse kusa da birnin Kef a Afirka ta Kudu, man da ya malala ya shafi fengwin ɗin Afirka kimanin 19,000. Gashin da mai ya taɓa yana mannewa, ruwa ya isa fata, tsuntsun ya shiga ƙona kitsensa don ɗumama jiki alhali ba ya iya shiga ruwa ya yi kiwo. Dubban masu aikin sa-kai sun wanke su ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu sun rayu. Ƙarancin kifi kuwa ba ya wankuwa da sabulu. Sadin da sauran ƙananan kifayen da wannan fengwin ke ci sun ragu a kusa da wuraren da yake ƙwai, kuma a 2024 aka sanya shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

A nan ne bambancin wanda ya bar sama da wanda ya riƙe ta yake fitowa fili. Namijin sarkin fengwin yana iya yin kusan wata 4 bai ci komai ba, kimanin wata 2 daga ciki yana tsaye a kan ƙanƙara da ƙwai a bisa ƙafafunsa cikin tsananin hunturun Antaktika, ya rasa kusan rabin nauyinsa ya kuma rayu, domin babu abin da ya hana shi tara kitse kafin lokacin. Gilimot ba shi da wannan dama, tunda duk giram ɗin da ya ƙara sai ya ɗaga shi sama da waɗannan gajerun fukafukai. Yana buƙatar kifin da ya kai kusan rabin nauyin jikinsa a kowace rana, kuma in ya rasa na 'yan kwanaki ya ƙare. Daga 2014 zuwa 2016 ruwan arewa maso gabashin tekun Fasifik ya yi ɗumin da ba a saba gani ba, ƙananan kifaye suka ragu suka kuma rame, manyan kifaye da ɗumin ya ƙara wa yunwa suka shiga takara da tsuntsaye a kan ɗan abin da ya rage. An tsinci gawar wani nau'in gilimot, ɗan uwan mai kaurin baki, kimanin 62,000 a gaɓar teku daga Kalifoniya zuwa Alaska, kuma ƙididdigar da aka wallafa a 2024 ta nuna cewa waɗanda suka mutu a Alaska sun kai miliyan 4, wato kusan rabin irinsu da ke can, ba su kuma farfaɗo ba shekaru da dama bayan ruwan ya huce. Waɗanda aka bincika ba cuta ce ta kashe su ba. Babu kitse a jikinsu, ƙirjinsu kuma ya zube har ƙashin tsakiya ya fito, domin bayan kitsen ya ƙare jiki ya koma yana ƙona tsokar ƙirji, wadda da ita tsuntsun ke tashi, da ita kuma yake nutso.